Gidan ƙauye da kujerar filin ƙwallo: wa ake kira ɗan gida a Wales?

Ranar 1 ga Yulin 2016, a birnin Lille na Faransa, Wales ta doke Beljiyam da ci 3 da 1, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin nahiyar Turai. Mutum uku ne suka ci ƙwallayen: kyaftin Ashley Williams, da Hal Robson-Kanu wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, da Sam Vokes. Duka ukun a Ingila aka haife su, ta wajen kakanni suka samu hurumin saka jar riga. Babu wanda ya nemi takardar haihuwarsu a wannan dare, kuma har yau babu mai shakkar cewa 'yan gida ne. A ƙasar da ta karɓi waɗannan mutane hannu bibbiyu ne kuma ake ta cece-kuce kan baƙi: baƙin da ke sayen gidaje a ƙauyukan da ake magana da harshen Welsh, da baƙin da suka cika filin wasan Wrexham tun da taurarin fim na Hollywood suka sayi ƙungiyar.

Ra'ayina shi ne tsoron da mutanen Wales ke ji gaskiya ne, kuma wanda ya kira shi ƙyamar baƙi bai duba lissafin ba. Amma sau da yawa ana ɗora laifin a kan fuskar da ake gani, a bar abin da ya kawo ta. Abin da ke korar ɗan gari daga ƙauyensu da kuma daga kujerarsa a filin wasa farashi ne. Abin da ke hana baƙo zama ɗan gari kuma rashin ƙofar da zai bi ya shiga ne. Dukansu biyun aikin doka ne da kasafin kuɗi, ba aikin zagi a intanet ba.

A fara da lissafin. A farkon ƙarni na 20 kusan rabin mutanen Wales na jin harshensu. Ƙidayar 2011 ta samu mutum kimanin 562,000, wato kashi 19 cikin ɗari na masu shekara uku zuwa sama. Ƙidayar 2021 ta samu 538,300, kashi 17.8. Wannan kuwa bayan gwamnatin Wales ta sanar a 2017 cewa tana son masu jin harshen su kai miliyan ɗaya nan da 2050. Inda abin ya fi ciwo shi ne wuraren da aka yi asarar. A Cardiff, babban birni, adadin ƙaruwa ya yi, saboda makarantun da ke koyarwa da Welsh da kuma ayyukan gwamnati da na gidajen talabijin. A gundumar Carmarthenshire kuwa ya faɗo daga kashi 43.9 zuwa 39.9 cikin shekara goma. Ceredigion tana kashi 45.3, tsibirin Anglesey 55.8, Gwynedd 64.4. Yaron da ya koyi Welsh a aji a Cardiff ya koma gida yana Ingilishi da iyayensa da abokansa, ƙidaya za ta lissafa shi daidai da manomin da ke cinikin tumaki da harshen a kasuwa. Amma ba ɗaya ba ne. Na biyun ne ke riƙe da harshen a matsayin abin da ake rayuwa da shi, kuma wajensu ne ruwan ke janyewa.

Dalilin da ya sa baƙo ɗaya ke da nauyi haka shi ne kusan duk mai jin Welsh yana jin Ingilishi. A ɗauki zaman kwamitin zauren ƙauye, mutum tara, takwas sun tashi da Welsh, na taran ya sauka bara daga Manchester, mutumin kirki, ya zo don ya taimaka. An buɗe taro da Welsh. Ya yi shiru yana murmushi. Shugabar zaman ta lura, ta taƙaita masa abin da aka ce da Ingilishi. Ya ba da shawara mai kyau kan gyaran rufin zauren, aka amsa masa da Ingilishi, mai binsa ya ci gaba da Ingilishi don kada a yi ta maimaici. Kafin a sha shayi taron ya juye. Wata mai zuwa sakatare zai rubuta bayanin taro da Ingilishi don kowa ya karanta. Ba wanda ya yi mugunta, ba wanda ya tilasta wa wani. Ladabi ne ya yi aikin, kuma haka yake yi a ƙungiyar mawaƙan coci, a kwamitin iyayen yara, a ɗakin sauya kaya na ƙungiyar ƙwallon ƙauye. A cikin gida ma haka: inda iyaye biyu ke jin Welsh, kusan kashi 80 na yara 'yan shekara uku zuwa huɗu na jin sa, inda ɗaya ne kawai ke ji, adadin na sauka zuwa wajen kashi 40.

Maganin wannan an san shi, kuma majalisar Gwynedd ta daɗe tana aiki da shi: a ci gaba da taro da Welsh, a zaunar da tafinta a gefe da ƙaramar makirufo, wanda ba ya ji ya saƙala na'ura a kunne. Fassarar hanya ɗaya take bi, daga Welsh zuwa Ingilishi, domin kowa na fahimtar baƙon idan ya yi magana. Inda abin ke lalacewa shi ne kuɗi da kunya. Ƙaramin kwamiti ba shi da kuɗin tafinta a kowane zama. Ko an samu, idan shugaban zama ya amsa tambayar Ingilishi da Ingilishi sau biyu, sauran za su bi shi, tafinta ya zauna ba aiki. Dole shugaban ya saba da amsawa da Welsh ko da wane harshe aka tambaye shi, kuma wannan horo ne da ake koya, ba hali ba ne da ake haifar mutum da shi.

Sai gidaje, inda nan ne tushen rigimar. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, to a gaɓar tekun Wales akwai baƙo iri biyu, kuma raɓar ce ta fi ɓarna. Akwai wanda ya sayi gida don hutu, ya zo makonni kaɗan a bazara ya kulle ya tafi. Akwai wanda ya tattaro ya dawo da zama. A Abersoch, a zirin Llŷn, kusan rabin gidaje na hutu ne ko na hayar masu yawon buɗe ido. Makarantar firamaren ƙauyen, wadda ke koyarwa da Welsh, an rufe ta a ƙarshen 2021 da ɗalibai da ba su wuce goma ba. Matashin da ke aikin otal ko gini a wurin ba zai iya gasa da wanda ya sayar da gida a kudancin Ingila ya zo da tsabar kuɗi ba. Sai ya koma Bangor, ko Cardiff, ko ya tsallaka Ingila, ya tafi da harshen da yaran da zai haifa.

Wannan fushi yana da tarihi. A 1965 aka nutsar da ƙauyen Capel Celyn a kwarin Tryweryn don a tara wa birnin Liverpool ruwan sha, duk da cewa babu ɗan majalisar Wales ko ɗaya da ya goyi bayan dokar a Landan. Daga 1979 zuwa farkon shekarun 1990 wata ƙungiyar ɓoye mai suna Meibion Glyndŵr ta cinna wuta a gidajen hutu da makamantansu fiye da sau 200. Wutar ba ta sauko da farashin gida ba, ta dai ba masu son rufe maganar hujjar cewa duk mai kukan gidaje mai ƙin Turawan Ingila ne. An ɗauki shekaru kafin a dawo da batun kan teburin haraji da tsarin gine-gine, inda ya dace ya zauna tun farko.

Abin da aka yi a 'yan shekarun nan ya cancanci a duba shi dalla-dalla. Tun 2017 ƙananan hukumomi na da ikon ninka harajin gida a kan gidan hutu, daga Afrilun 2023 kuma aka ɗaga iyakar ƙarin zuwa kashi 300. Gwynedd ta sa kashi 150. Masu gidajen sun daɗe da gano hanyar zillewa: a yi wa gidan rajista a matsayin sana'ar haya, a fita daga harajin gida a koma harajin kasuwanci, sannan a nemi rangwamen ƙananan sana'o'i, a ƙare ba a biya ko kwabo ba. A da sharaɗin shi ne gidan ya kasance a kasuwa kwana 140 a shekara, a kuma ba da shi haya kwana 70. Yanzu sai kwana 252 a kasuwa da kwana 182 na haya ta gaske. A 2022 kuma aka raba gidaje gida uku a dokar tsara gine-gine: gidan zama na dindindin, gida na biyu, da gidan hayar ɗan lokaci, don hukuma ta iya neman izini kafin a sauya ɗaya zuwa ɗaya.

Ina goyon bayan waɗannan matakai, amma suna da ramuka biyu da bai kamata a ɓoye ba. Na farko, sharaɗin kwana 182 yana kama wanda ba shi aka nufa ba. Manomin da ya gyara tsohon rumbu a gonarsa yana ba da haya don ya cike giɓin kuɗin tumaki, a tsaunin da baƙi ba sa zuwa da hunturu, da ƙyar zai cika kwanakin. Shi kuwa ɗan gari ne mai jin harshen, kuma ginin nasa sau da yawa ba a yarda a mai da shi gidan zama ba. Na biyu ya fi girma. Idan haraji ya sa mai gidan hutu ya sayar, wa zai saya? Gidan da ke kallon teku ko ya sauko ba zai sauko daidai albashin ma'aikacin jinya ba. Mai saye sau da yawa ɗan ritaya ne daga waje da zai mai da shi gidan zama, kuma babu ƙarin harajin da ya shafe shi. Gidan da a da yake kulle wata goma yanzu yana da mutum a ciki kullum, mai zuwa shago da asibiti da taron ƙauye da Ingilishi. Dr Simon Brooks, wanda ya rubuta wa gwamnati rahoto kan gidajen hutu a 2021 ya kuma jagoranci hukumar nazarin al'ummomin masu jin Welsh, ya ja hankali kan irin wannan haɗari. Hukumar tasa a 2024 ta ba da shawarar a ware yankunan da masu jin harshen suka yi yawa, a ba su damar yin tsarin gidaje da ilimi da ayyuka daban da na sauran ƙasa. Haraji shi kaɗai ba ya gina gida. Kuɗin da aka tara sai an zuba shi a sayen gidajen da ke kasuwa, a gina na haya mai sauƙi, a ɗaura musu sharaɗin cewa mai zama ya kasance yana aiki ko ya tashi a yankin.

Shi kuma wanda ya zo da zama, me aka tanadar masa? A nan Wales tana da abin nunawa. Tun shekarun 1980 Gwynedd ke da cibiyoyin nutsar da yaran baƙi cikin harshe. Yaron da iyayensa suka sauka ba ya jin ko kalma, ana ɗauke shi daga makarantarsa zuwa cibiya na kimanin makonni goma, kwana huɗu a mako, ranar ta biyar ya koma ajinsa don kada ya rabu da abokai. Ajin ƙarami ne, malamai ba sa juyawa zuwa Ingilishi, ana koyo da wasa da kwaikwayon zuwa shago da tashar mota da ɗakin likita. Yawanci yaro na fitowa yana iya bin darasi da Welsh. Inda ake asara shi ne bayan dawowa. Abokansa sun riga sun san shi da Ingilishi, kuma yara ba sa sauya harshen da suka fara abota da shi cikin sauƙi. Idan malamin cibiya bai biyo shi makaranta na wasu makonni ba, idan ba a shigar da shi ƙungiyar ƙwallo ko ta matasan manoma da ke harka da Welsh ba, harshen zai tsaya a bakin ƙofar aji.

Manya sun fi wuya. Akwai darussa mataki-mataki ƙarƙashin cibiyar koyon Welsh ta ƙasa, kyauta ga 'yan shekara 16 zuwa 25 tun 2022. Akwai Nant Gwrtheyrn, tsohon ƙauyen masu fasa dutse da ya zama kufai, wanda wani likita, Carl Clowes, ya jagoranci saye a 1978 aka mai da shi wurin da ake kwana ana koyo. Amma mai koyo ya fito da jimlarsa da ya haddace, ya shiga shago ya faɗa da rawar murya, mai shago ya ji lafazin ya amsa masa da Ingilishi don ya sauƙaƙa masa. Sau uku aka yi masa haka ya daina. A nan laifin na 'yan gida ne, kuma ya kamata a faɗa musu. Ba za ka yi kukan baƙi ba sa koyo ba alhali ba ka da haƙurin minti ɗaya da wanda ya gwada.

Yanzu ga ƙwallo. Wrexham, wadda aka kafa a 1864, ta faɗa hannun masu kula da bashi a 2004, ta fice daga manyan rukunai huɗu na Ingila a 2008, ta yi shekara 15 a waje. A 2011 magoya baya suka tara sama da fam 100,000 a yini guda don kada a kore ta daga gasa, sannan ƙungiyarsu ta amintattu ta karɓi ragamar kulob ɗin. Su ne kuma a ƙarshen 2020 suka kaɗa ƙuri'a, sama da kashi 98 cikin ɗari, suka yarda a miƙa ta ga taurarin fim Ryan Reynolds da Rob McElhenney. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: shirin talabijin da ya zaga duniya, da hawa mataki sau uku a jere, a 2023 da 2024 da 2025, har zuwa rukunin da ke ƙasa da Firimiya. Filin da a da ke samun mutum 4,000 zuwa 5,000 yanzu ya haura 10,000 kuma tikiti ya zama abin nema.

Wanda ya tsaya cikin ruwan sama yana kallon wasan rukuni na biyar shekara da shekaru, ya sa kuɗin aljihunsa a 2011, idan ya ji haushin ganin ɗan yawon buɗe ido daga Amurka na ɗaukar hoto a kujerar da ɗansa ya rasa, ban ga laifinsa ba. Amma a bambanta abubuwa biyu. Kulob ba ya raguwa don wani a Texas ya sayi riga. Kuɗin rigar ne ke sayen ɗan wasan gaba. Abin da ke da iyaka kujera ce, kuma yadda ake raba ta shawara ce da wasu mutane ke yankewa a ofis. Tsarin da aka saba shi ne masu tikitin kakar wasa su fara, sai masu katin zama memba da ake biya duk shekara, abin da ya rage a sayar wa kowa, idan ya rage. Matsalar ita ce katin memba kowa na iya saye daga ko'ina a duniya, don haka mai zama a layin da ke bayan filin da mai zama a wata nahiya suna danna maɓalli ɗaya a minti ɗaya. Wanda wannan tsari ya fi cuta ba tsohon mai tikitin kaka ba ne, shi yana da kujerarsa. Yaro ɗan shekara 14 ne da a da zai zo ƙofa da kuɗinsa ya shiga tare da abokai, da ma'aikacin da ke aikin karɓa-karɓa wanda ba zai iya sayen kaka guda ba. Daga cikin waɗannan ne ake samun masu tara kuɗi idan rana ta ɓaci.

Wanda ke son ganin yadda ake shafe asalin kulob da gaske ya dubi Cardiff City. A 2012 mai kulob ɗin, Vincent Tan, ya sauya rigar gida daga shuɗi zuwa ja, ya sauya tambari, bayan sama da shekara ɗari ana saka shuɗi. Ba sababbin magoya baya ne suka nemi haka ba, mutum ɗaya ne mai kuɗi. Sai a Janairun 2015, bayan zanga-zanga da raguwar 'yan kallo, aka dawo da shuɗin. Magoya bayan Wrexham sun fi dabara: kafin su saki haƙƙin hayar filin Racecourse sun karɓi alkawari a rubuce cewa kulob zai ci gaba da wasa a nan har 2115. Dokar kula da ƙwallon Ingila ta 2025, wadda ta shafi kulob-kulob na Wales da ke wasa a tsarin Ingila, ta wajabta neman amincewar magoya baya kafin a taɓa launin rigar gida ko tambari. Irin wannan ne ke kare asali, takarda mai sa hannu.

Ta fuskar harshe kuwa, baƙin Wrexham sun kawo riba. Garin na bakin iyaka da Ingila, masu jin Welsh a gundumar kashi 12 ne da ɗoriya. Sababbin masu kulob sun sa harshen a shirinsu da tallace-tallacensu, McElhenney ya zauna ya koya, miliyoyin mutane suka fara jin cewa akwai shi. A tawagar ƙasa ma haka: hukumar ƙwallon Wales ta rungumi sunan Cymru, wato sunan Wales da harshen Welsh, 'yan wasa irin su Ben Davies da Aaron Ramsey na hira da manema labarai da Welsh, kuma a 2022, kafin wasannin da suka kai ƙasar gasar cin kofin duniya karon farko tun 1958, dubban mutanen da ba sa jin harshen sun rera waƙar mawaƙin Welsh Dafydd Iwan tare da shi a filin Cardiff. Sai dai kada a ruɗe. Rera waƙa da sayen hula alama ce ta so, ba ta maye gurbin makarantar Abersoch.

Mai karatu Bahaushe yana tsaye a ɓangarori biyu na wannan magana. Wanda ke cika gidan kallo a Kano ko Maraɗi saboda Arsenal ko Manchester United shi ne ainihin baƙon da wasu 'yan Landan da Manchester ke cewa ba magoyin baya na gaske ba ne, alhali yana iya lissafo 'yan wasan shekara ashirin da suka wuce. Ta fuskar harshe kuma Hausa ce ke matsayin Ingilishi a garuruwa da dama na Bauchi, Gombe, Filato da kudancin Kaduna, inda taron 'yan ƙabila ɗaya ke juyewa zuwa Hausa saboda mutum guda, kuma jikoki ba sa iya amsa wa kakanni da harshensu.

A Wrexham ana gina sabuwar rumfar Kop, wadda aka fara tsarawa da mazaunin mutum 5,500, a gurbin tsohuwar da aka rushe a 2023. Yadda za a raba waɗannan kujeru ya fi duk wata muhawara kan wane ne magoyin baya na gaske muhimmanci. A ware wani kaso da ba za a sayar a matsayin tikitin kaka ba, a riƙa sakin sa wasa-wasa ga masu adireshi a gundumar. A ware wani sashe mai rahusa ga 'yan ƙasa da shekara 18, a bar su su zauna tare. Tikitin wasan waje a bi yawan wasannin da mutum ya halarta, kamar yadda hukumar ƙwallon Wales ke yi wa masu bin tawagar ƙasa. A hana sayar da tikiti a bayan fage ta hanyar buɗe wurin mayarwa a farashinsa na asali. Baƙon da ya tsallako teku a ba shi nasa kason a fili, da tsadarsa, a sa ribar ta biya rahusar yaran gari.